Janar Dallaire da Yaƙin da Ya Biyo Shi Gida

Ba kasafai babban hafsan soja ke tsayawa gaban jama'a ya ce ya taɓa neman kashe kansa ba. Laftanar Janar Romeo Dallaire na ƙasar Kanada ya faɗa da bakinsa, a rediyo, a gaban 'yan majalisar ƙasarsu, da kuma a rubuce. Saboda haka labarinsa ba ji-ta-ji-ta ba ne, shaida ce daga mai abin. Duk gidan da ke da soja a bakin daga, ko ɗan mazan jiya da ya ajiye kaki yana zaune a ƙofar gida, akwai abin da za su gane a ciki.

An haife shi ranar 25 ga Yuni 1946 a garin Denekamp na ƙasar Holan. Mahaifinsa sojan Kanada ne da Yaƙin Duniya na Biyu ya kai Turai, mahaifiyarsa kuwa ma'aikaciyar jinya ce 'yar Holan. A Montiriyal ya girma, ya shiga makarantar hafsoshi yana saurayi, ya ƙware a ɓangaren igwa. Yana da kusan shekara 30 a aikin soja lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi jagorancin dakarun kiyaye zaman lafiya a Ruwanda a 1993. Aikin da aka ɗora masa shi ne sa ido kan yarjejeniyar sulhu da aka ƙulla a garin Arusha na Tanzaniya tsakanin gwamnatin Shugaba Juvenal Habyarimana da 'yan tawayen RPF, waɗanda akasarinsu 'yan ƙabilar Tutsi ne, da dakaru kimanin 2,500.

Ranar 11 ga Janairu 1994 ya aika wa hedikwatar Majalisar saƙon gaggawa. Wani na cikin masu shirin kisan gillar da ke tafe ya tsegunta masa inda aka ɓoye makamai, ya kuma ce ana rubuta sunayen 'yan ƙabilar Tutsi gida-gida a Kigali, babban birnin ƙasar. Dallaire ya sanar cewa zai kai samame ya kwashe makaman. Aka hana shi. Ranar 6 ga Afrilu aka harbo jirgin shugaban ƙasa, washegari aka kashe Firaminista Agathe Uwilingiyimana da sojojin Beljiyam 10 da aka tura gadinta. Beljiyam ta janye sojojinta. Ranar 21 ga Afrilu, ana tsakiyar yanka mutane a tituna da majami'u, Kwamitin Sulhu ya rage dakarun zuwa 270 a takarda. Kusan 450 ne suka tsaya a zahiri, mafi yawansu sojojin Gana ƙarƙashin mataimakinsa, Birgediya Henry Anyidoho, tare da wasu 'yan Tunisiya da masu sa ido daga ƙasashe daban-daban, irin su Kyaftin Mbaye Diagne na Senigal da ya yi ta fitar da mutane a motarsa har aka kashe shi ranar 31 ga Mayu. Da wannan 'yar rundunar suka kare dubun dubatar mutane a filin wasa na Amahoro, da asibitin Sarki Faisal, da otal ɗin Mille Collines. A cikin kwana 100 an kashe mutum kusan 800,000, mafi yawansu 'yan Tutsi. Duniya ta san sunan Dallaire, amma kofur da saje na Gana da suka tsaya tare da shi sun taka gawarwakin da ya taka, sun shaƙi warin da ya shaƙa, su ma sun koma gida da shi a hancinsu.

A nan ya kamata a tsaya a fahimci irin raunin da ya samu, domin ba iri ɗaya ne da na kowa ba. Akwai sojan da tsoro ya raunata, wanda nakiya ta tashi da motar da ke gabansa, jikinsa ya ƙi yarda cewa haɗarin ya wuce. Akwai kuma wanda abin da ke cin sa shi ne laifi: ya ga ɓarna tana zuwa, amana tana wuyansa, an ɗaure masa hannu, ko kuwa shi ya aikata abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Jonathan Shay, wanda ya daɗe yana jinyar waɗanda suka dawo daga Biyetnam, shi ya fito da bayanin wannan nau'i na biyu a shekarun 1990. Dallaire ya haɗa duka biyun, kuma na biyun ya fi yi masa nauyi. Mai tsoro yana neman tsira. Mai ɗauke da laifi yakan kai ga ganin bai cancanci tsira ba, kuma daga nan ne tunanin kashe kai yake samun ƙofa.

Alamun sun fara tun yana Kigali. Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya riƙa shiga mota shi kaɗai yana kutsawa wuraren da ya san akwai kwanton ɓauna, ba tare da damuwa da abin da zai same shi ba. Ya sayi wasu 'yan awaki ya ajiye a hedikwata don ya riƙa ganin abu mai rai. Ranar da karnuka suka far musu, ya zaro ƙaramar bindigarsa ya yi ta harbi har harsashi ya ƙare, jami'ansa na tsaye suna kallonsa. A watan Agusta 1994 ya nemi a sauke shi, aka maye gurbinsa da Manjo Janar Guy Tousignant. Shekaru bayan haka, a 2017, ya shaida wa wani kwamitin majalisa cewa maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ya sha a can, meflokwin, ya taɓa masa tunani da ƙwaƙwalwa. Tun 2013 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kwalin wannan magani, kuma ba a ba da shi ga mai ciwon damuwa ko wanda ya taɓa samun taɓin hankali.

Da ya koma gida ba a ga mara lafiya ba. An ga ma'aikaci. Aka yi ta ba shi manyan muƙamai, aka ƙara masa girma, yana aiki dare da rana, yana yawon lacca kan Ruwanda. Shekara 4 aka yi a haka. Wannan shi ne abin da ya fi yaudarar iyalai da shugabanni: mutum ya binne kansa a cikin aiki don kada ya zauna shiru, a yi ta yaba masa ƙwazo, alhali gudu yake yi. A Fabrairun 1998 ya je Arusha ya ba da shaida gaban kotun duniya da ke shari'ar kisan ƙare dangin, ya sake bin abin daki-daki, hawaye na zuba. Kafin shekarar ta ƙare an tura shi hutun jinya. A Afrilun 2000 aka sallame shi daga soja bisa dalilin rashin lafiya. Wata 2 bayan haka, a watan Yuni, aka tsince shi kwance a wani lambun shaƙatawa a garin Hull, tsallaken kogi daga Otawa, ba ya cikin hayyacinsa, ya sha giya a kan magungunan da yake sha. Aka kai shi asibiti, jaridu suka ɗauka. Maimakon ya ɓuya, ya rubuta wa gidan rediyon CBC wasiƙa, aka karanta wa ƙasa. Daga baya ya bayyana cewa ba sau ɗaya ya yi yunƙurin hallaka kansa ba.

A lura da lokacin: wata 2 bayan ajiye kaki. Ba haka kawai abin ya faɗo a lokacin ba. Soja yana da wanda ke tashinsa da asuba, yana da fareti, yana da abokan da suka san abin da ya gani ba sai ya faɗa ba, yana da lamba a kafaɗa da ke gaya wa duniya ko shi wane ne. Ranar sallama duk wannan ya tafi lokaci guda. Binciken da aka yi kan sojojin Amurka ya nuna shekarar farko bayan barin aiki tana cikin lokutan da haɗarin ya fi tsanani, shi ya sa tun ƙarshen 2019 ma'aikatar 'yan mazan jiya ta ƙasar take kiran kowane sabon wanda aka sallama a waya sau 3 cikin shekarar farko. Duk da haka, a 2022 tsoffin sojojin Amurka 6,407 ne suka kashe kansu, wato fiye da 17 a kowace rana, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 da bindiga ne.

Ciwon firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, wanda likitoci ke kira PTSD a taƙaice, ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980, ko da yake tun Yaƙin Duniya na Ɗaya ake ganin sojoji da shi. Kusan kowa da ya ga tashin hankali zai yi firgita da rashin barci na 'yan kwanaki ko makonni, wannan ba ciwo ba ne. Sai abin ya wuce wata 1 yana hana mutum rayuwa ake kiransa da wannan suna, kuma yana iya ɓoyewa wata 6 ko shekaru kafin ya fito fili. Abin da ya faru yana dawowa ba da izini ba, a mafarki ko ido biyu, har mutum ya ji kamar yana wurin. Dallaire ya sha faɗin yadda ƙamshin 'ya'yan itace a kasuwa ke mayar da shi Ruwanda nan take, da yadda duhu da shiru suke gagarar sa. Ga wani, ƙarar fashewar taya ce, ko warin ƙonannen nama, ko knockout ɗin yara ranar salla. Sai gudun duk abin da zai tuna masa: ya daina zuwa kasuwa, ya daina kallon labarai, ya daina zuwa jana'iza. Sai zuciya ta dushe, ya kalli 'ya'yansa bai ji komai ba, ya tsani kansa saboda haka. Sai jiki ya ƙi sauka daga shirin faɗa: ba ya zama sai bayansa na jikin bango, ya tashi cikin dare yana duba ƙofa, a taɓa shi yana barci ya kai duka. Idan ya taɓa kasancewa kusa da fashewar bam, a gaya wa likita, domin girgizar ƙwaƙwalwa tana kawo mantuwa, ciwon kai da saurin fushi, kuma sau da yawa tana tafiya tare da wancan ciwon.

Shi kansa ciwon ba shi kaɗai yake kai mutum ga kashe kai ba. Yawanci taruwa abubuwa suke yi: ciwon damuwa, rashin barci na makonni, giya ko ƙwaya, ciwon jiki da ba ya sauka, bashi, fanshon da ya maƙale, aure da ke neman mutuwa, da makami a kusa. Ranar da wani abu ya faɗo a kan wannan tulin, kamar saki, ko kora daga haya, ko labarin mutuwar abokin bakin daga, ita ce ranar haɗari.

Matar gida ko ƙane su ne kan fara jin maganganun. "Da ba ni da kun huta." "Na zame muku kaya." "Ni da na mutu a can da ya fi." Ko a ga yana biyan ƙananan basussuka, yana raba kayansa, yana neman gafarar mutane ba gaira ba dalili, yana damƙa wa wani amanar 'ya'yansa. Wadda ta fi ruɗar mutane ita ce natsuwar da ke zuwa kwatsam bayan dogon ƙunci. Iyali su ce alhamdu lillahi ya samu sauƙi, alhali mai yiwuwa shawara ya yanke.

Abin yi shi ne a tambaye shi kai tsaye. A keɓe, ba a gaban yara ko baƙi ba, ba kuma lokacin da yake cikin maye ko fushi ba. Matarsa tana iya cewa, "Maigida, na ga halin da kake ciki kwanan nan, kuma na ji abin da ka faɗa jiya. Kana tunanin kashe kanka ne?" Ƙane ya ce, "Yaya, don Allah ka gaya mini gaskiya." A ambaci abin da sunansa, kada a yi kwana-kwana. Mutane suna tsoron tambayar za ta sa masa tunanin da babu, amma bincike da yawa sun nuna ba ta sawa, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Idan ya ce e, a ci gaba: ya tsara yadda zai yi? Abin yana hannunsa? Ya sa lokaci? Ya taɓa gwadawa? Wanda ke da tsari, da abin aikatawa, da lokaci, ba a barinsa shi kaɗai ko na minti ɗaya, kuma a ranar ake kai shi asibiti. Kada a yi masa alkawarin rufa asiri. Kada kuma a tare shi da wa'azin wuta. Musulmi ne ko Kirista, ya san hukuncin tun yana yaro, kuma sanin yana cikin abin da ke ƙara masa ganin kansa ɓatacce. Malamin da zai amfane shi shi ne wanda zai tuna masa faɗin rahamar Allah, ya ce masa neman magani umarni ne, ya kuma raka shi asibitin. Addu'a da ruƙiyya ba su hana ganin likita, matsalar ita ce a tsaya a kansu wata da watanni ana cewa aljanun daji ne ya kwaso.

Daga nan sai a nisanta shi da abin da zai cutar da kansa, kuma a ganina babu matakin da ya kai wannan ceton rai. Dalili shi ne tsananin yakan zo ne kamar guguwa ya wuce. A wani bincike da aka yi a Ostiriya a 2009, kusan rabin waɗanda suka tsira sun ce tsakanin zuwan tunanin da aikatawa bai wuce minti 10 ba. Kuma kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Ke nan idan abin ba ya kusa a cikin waɗannan mintoci, mutum yana da babbar damar rayuwa. Rundunar sojan Isra'ila ta hana ƙananan sojoji tafiya gida da bindiga a ƙarshen mako a 2006, kashe kai a cikinsu ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Siri Lanka ta haramta magungunan ƙwari mafi dafi, adadin masu kashe kansu ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100 a cikin shekara 20 daga 1995. A aikace: bindigar aiki ta koma ma'ajiyar makamai, ta farauta ko ta gadi a kai wa amintacce a wani gida, harsashi daban. Magungunan ƙwari da na ɓera da na feshin gona su bar ɗaki, a kulle su, makulli a hannun wani. Magungunan asibiti kuma wani ne zai riƙe, ya riƙa ba shi na rana, kada a ajiye fiye da na mako 1 a inda hannunsa zai kai. Idan har ya riga ya sha wani abu, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, domin yana iya shaƙewa ya shiga huhu. A kwantar da shi a gefensa, a ɗauki kwalbar ko kwalin, a garzaya asibiti mafi kusa. Lambar gaggawa a Najeriya da Gana ita ce 112.

Akwai wata 'yar takarda da masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Barbara Stanley da Gregory Brown, suka tsara, wadda asibitocin 'yan mazan jiya a can suke amfani da ita. Mara lafiyan ne ke cike ta da kalmominsa lokacin da hankalinsa ke kwance, cikin minti 20 zuwa 30. Ya rubuta alamun da ke nuna masa guguwar ta taso, misali kwana 2 ba barci. Ya rubuta abin da zai yi shi kaɗai don ya ja lokaci, kamar alwala, tafiya a ƙafa, ko gyaran babur. Sai wuraren da mutanen da ke ɗauke masa hankali ko da bai gaya musu komai ba, kamar majalisar mai shayi. Sai mutum 2 ko 3 da zai kira ya ce ina cikin matsala, da lambobinsu. Sai likita ko asibiti. Na ƙarshe, yadda aka nisanta makami da magani. Inda takardar ke lalacewa shi ne a cike ta da manyan kalmomi irin "zan yi haƙuri", ko a sa lambar wanda ba ya ɗaukar waya da dare, ko a jefa ta cikin akwati. A aljihu ko a waya take zama.

Maganin ciwon kansa yana nan, kuma yana aiki ga mutane da yawa. Wanda ya fi ƙarfin hujja shi ne zama da ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam, yawanci sau 1 a mako, zama 8 zuwa 16. A wata hanyar ana bin labarin abin da ya faru a hankali, ana maimaitawa, ana kuma komawa wuraren da yake gudu mataki-mataki, har jiki ya koyi cewa tunawa ba ita ce faruwa ba. A wata kuma, wadda aka fi yi cikin zama 12, ana zaƙulo hukuncin da ya yanke wa kansa, irin "ni na kashe su da ban tsaya ba", a auna shi da abin da ya sani da abin da yake iyawa a ranar. Matsalar da ta fi yawa ita ce makonnin farko sukan yi zafi, mafarkai su ƙaru, sai mutum ya gudu a zama na 3 ko na 4, daidai gab da sauƙi. Iyali su san da haka tun farko don su riƙe shi.

Ta ɓangaren ƙwaya, satralin da faroksitin su ne waɗanda hukumar Amurka ta amince da su don wannan ciwo. Likita kan fara da kaɗan ya riƙa ƙarawa. Ba a jin amfaninsu sai bayan mako 4 zuwa 6, wani lokaci fiye, alhali tashin zuciya ko rashin sukuni suna iya zuwa a makon farko. Da yawa suna jefar da su a kwana 10 su ce ba sa aiki. A makonnin farko ana ƙara sa ido, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 25, domin tunanin kashe kai yana iya ƙaruwa kafin ya ragu. Idan an samu sauƙi ana ci gaba da sha watanni da dama, sau da yawa shekara guda, kuma ba a yankewa lokaci ɗaya. Suna iya rage sha'awar iyali, abin da maza ke jin kunyar faɗa sai su daina sha a ɓoye, alhali da sun faɗa da likita ya sauya. Baliyam (Valium) da danginsa, waɗanda ake saya a kemis don barci, ba sa maganin wannan ciwo, suna kama mutum, kuma haɗa su da giya ko taramol yana iya tsayar da numfashi. Wanda kuma ya daɗe yana shan giya kullum, kada a yanke masa ita dare ɗaya a gida, domin jijjiga da ruɗewa suna iya zuwa cikin kwana 2 zuwa 3. A asibiti ake yin wannan. Bayan an sallamo mutum daga gadon asibiti ma ba a gama ba, makonnin farko a gida suna cikin mafi haɗari, don haka a koma ganin likita cikin mako 1.

Dallaire ya bi duk wannan hanya: shekaru yana ganin likita, yana shan ƙwayoyi da dama kullum. Amma ya sha nanata cewa abin da ke riƙe mutum tsakanin ganin likita da ganin likita shi ne aboki da zai zauna ya saurara sa'o'i ba tare da ya katse shi ba. Wani hafsan Kanada da shi ma ya yi aiki a Ruwanda ya dawo da irin raunin, Stephane Grenier, ya kafa shiri a 2001 inda sojojin da suka farfaɗo ake horar da su su tallafi 'yan uwansu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Abin da saje ba zai faɗa wa matarsa ko likita ba, zai faɗa wa wanda suka kwana rami ɗaya. Dallaire da Grenier sun dage cewa a ɗauki abin a matsayin rauni na fagen fama, daidai da harsashi a cinya, kuma wannan ba wasa da baki ba ne: shi ke yanke ko soja zai fito ya nemi magani, ko za a biya shi diyya, ko za a kira shi rago.

Bai warke sarai ba, bai kuma taɓa cewa ya warke ba. Ya zama sanata a 2005, ya kafa shirin yaƙi da sa yara aikin soja a 2007, ya koma Arusha a 2004 ya ba da shaida kan Kanar Theoneste Bagosora, ɗaya daga cikin manyan sojojin Ruwanda da aka tuhuma da kisan. Ɗaya daga cikin hafsoshin Kanada da suka yi Ruwanda tare da shi ya kashe kansa shekara 14 bayan yaƙin. A Disambar 2013, bayan wasu sojojin Kanada da suka yi Afganistan sun kashe kansu a jere cikin 'yan kwanaki, barci ya ƙaurace wa Dallaire har ya yi gyangyaɗi yana tuƙi ya yi karo a harabar majalisa. Bai ji rauni ba, ya kuma fito ya faɗi dalili. Shekara 19 ke nan bayan Kigali. Ya bar majalisar a 2014. Darasin da masu jinya ke ɗauka daga nan shi ne a san ranakun da ciwon ke tashi, ranar da aka yi kwanton ɓauna, watan da aboki ya mutu, ko labarin wani soja da ya kashe kansa, a ƙara kusantar mutum kafin ranar ta zo.

Sojojinmu sun yi Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, sun yi Darfur, kuma tun 2009 suke fama a Borno da Yobe da gaɓar Tafkin Chadi tare da na Nijar, Chadi da Kamaru, ga dazukan Zamfara da Katsina. Wasu sun yi shekaru a daji ba a sauya su ba. Ga 'yan sintiri da 'yan sa kai da suka ga abin da soja ya gani ba su da bariki ba su da fansho. Wani abin da ke rufe bakin iyalai a Najeriya shi ne tsohuwar dokar da ta mai da yunƙurin kashe kai laifi, sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Arewa, mai ɗaurin da ya kai shekara 1. Kanada ta soke irin wannan doka a 1972, majalisar Gana ta soke tata a 2023. Dokar da ke sa uwa ta ɓoye ɗanta a ɗaki maimakon ta kai shi asibiti ba ta kare ran kowa, kuma tsoronta bai kamata ya hana kowa neman likita ba.

Wuraren zuwa suna nan. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, akwai sassan lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, ga asibitin sojoji na 44 a Kaduna ga masu kaki. Wanda zai raka shi ya tafi da duk kwalayen magungunan da yake sha, har na kemis da na gargajiya, ya rubuta sa'o'in barcinsa na mako guda, ya faɗi gaskiya kan giya ko ƙwaya, ya kuma ambaci duk wani yunƙuri da ya taɓa yi ko da shekara nawa ne. Idan maigidan ya ƙi zuwa, matarsa ko ɗan'uwansa su je su kaɗai su yi wa likita bayani, sannan a nemi wani tsohon ogansa ko abokin aikinsa da yake jin nauyi ya zo ya ɗauke shi.